Kafin a fesa wa motarka sabon fenti: abin da za a cire da abin da za a bari



Akwai wani kuka da kusan duk gidan da ke da mota ya taɓa yi ko ya taɓa ji. Ɗan uwa yana can ƙetare, ya aiko kuɗi a yi wa motar gida fenti, ko dai Hiace ɗin da ke jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Tasawa, ko tsohuwar Corolla da ake tasi da ita a cikin gari. An kai ta garaji, bayan kwana uku ta fito tana ƙyalli, an ɗauki hoto an tura ta WhatsApp, kowa ya yi murna. Damina ɗaya ta wuce, sai ga fentin rufi yana ɓarewa kamar saɓar maciji, ƙofa ta yi bororo, tsatsa ta leƙo ta saman taya. Daga nan sai zargi. Wanda ya aiko kuɗin yana ganin an ci amanarsa, na gida suna cewa mai fenti ne ya cuce su, shi kuma mai fenti ya ce rana ce, ko kuwa fentin kasuwa ne ba shi da kyau.

Gaskiya ne ranar Maraɗi ba ta raga wa fenti, kuma ba a rasa jabu a kasuwa. Amma sau da yawa ɓarnar ta auku tun kafin a buɗe gwangwani. Sabon fenti yana kama abin da ya tarar a jikin mota ne. In ya tarar da maiƙo, sai ya zauna a kan maiƙo. In ya tarar da tsatsa, sai ya lulluɓe ta tana ci gaba da cin ƙarfe daga ƙasa. A jikin kowace mota akwai rigunan kariya iri biyu: waɗanda dole a cire su kakaf kafin a fesa sabon fenti, da waɗanda in an kankare su an yi wa motar illa. Sanin bambancinsu shi ne rabin aikin, kuma shi muke son mu warware yau.

Rigunan da mota ke fitowa da su daga masana'anta

Ƙarfen ƙofar ƙaramar mota bai kai milimita 1 kauri ba. Abin da ke hana shi ruɓewa riguna ne da aka jera masa ɗaya bisa ɗaya. A motocin zamani, ƙarfen kansa an shafe shi da tutiya, wadda ke tsare shi daga tsatsa. Bayan haka ana tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin wani babban tafki na fenti, a sa wutar lantarki ta ja fentin ya manne a kowane lungu, har cikin ƙofofi da ƙarƙashin mota, sannan a gasa ta a tanda mai zafi sosai. Wannan ita ce riga mai launin toka ko baƙi da ake gani in an gurje wuri. A kanta ake fesa shimfiɗar da ke daidaita jiki, sai launin da ido ke gani, sai a rufe da barni, wato ruwan ƙyalli marar launi da ke karɓar dukan rana.

Duk waɗannan in an haɗa su, kaurinsu bai wuce na takardar rubutu ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, wato wajen milimita 0.1 zuwa 0.15. Abin lura a nan shi ne, tutiyar nan da rigar tsomawa babu garajin da zai iya mayar da su yadda suke, a Maraɗi ko a Yamai ko a Faransa, domin aikin masana'anta ne. In an kankare su, sun tafi ke nan. Abin da za a sa a madadinsu yana taimakawa, amma bai kai su ba.

Abubuwan da ake ƙara wa mota daga baya

Yawancin motocinmu na hannu ne. Shekaru da dama suna sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano su shigo ta Gaya, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Wasu kuma suna shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. Motar da ta yi shekara goma ko ashirin a hannun mutane daban-daban, ba wanda ya san duk abin da aka shafa mata. Ga waɗanda aka fi samu.

Na farko shi ne kaki da man goge mota, waɗanda ake shafawa don ƙyalli. Na biyu shi ne silikon, wanda ke cikin yawancin man goge mota, da abin fesawa da masu wankin mota ke sa wa taya da gaban direba su yi sheƙi. Na uku namu ne na gida: gazuwal ko baƙin mai da yara ke goga wa mota da tsumma don ta yi walƙiya ranar kasuwa ko ranar biki. Na huɗu shi ne abin da ake kira seramik, wani ruwa da ke bushewa ya zama siririyar riga mai tauri kamar gilas, ana samunsa a kan motoci masu tsada da suka fito daga Turai, Amurka ko Dubai. Na biyar leda ce mai manne da ake liƙa wa gaban mota don kare ta daga tsakuwa, ko ledar da ke sauya launin mota gaba ɗaya. A sahun leda har da takardun talla da hotuna da rubuce-rubucen da direbobinmu ke liƙawa a jikin mota da adaidaita sahu.

Dukkansu an yi su ne don kada wani abu ya manne wa mota: ruwa, laka, kashin tsuntsu. To, shi ma sabon fenti haka za su yi masa. Silikon ya fi kowanne sharri, domin ɗan kaɗan ya isa. Fenti yana sauka a kansa sai ya ja da baya, ya bar ƙananan ramuka zagayayyu kamar zanzanar agana. In kuma bai nuna a ranar ba, zai nuna bayan watanni, lokacin da fentin zai riƙa tashi falle-falle.

Gwaji huɗu da kowa zai iya yi

Ba sai da na'ura ba. A wanke mota da sabulu, sannan a watsa mata ruwa mai tsabta. In ruwan ya dunƙule ya riƙa gangarowa kamar a kan ganyen gwaza, akwai kaki ko silikon ko seramik a wurin. In ya baje ya jiƙa wurin baki ɗaya, jikin ya yi tsabta. Wannan gwajin ana maimaita shi bayan an gama wankin maiƙo, don a tabbata aikin ya yi.

Gwaji na biyu na leda ne. A bi gefen murfin inji da bakin ƙofa da farce. In akwai leda, za a ji ɗan tudu inda ta tsaya.

Na uku don sanin irin tsohon fentin ne. A jiƙa tsumma da ruwan tsinka fenti, wanda a nan ake kira diliwan, a hayin Najeriya kuma tina, a ɗora shi a wani ɓoyayyen wuri na minti ɗaya ko biyu. In launi ya biyo tsumman ko fentin ya yi laushi, to wani ya taɓa fesa wa motar fenti mai rauni. In aka ɗora fentin zamani a kansa, ruwan da ke cikin sabon zai jiƙa tsohon, su yamutse tare. Irin wannan sai an cire shi, ko a rufe shi da shimfiɗa ta musamman da ke raba su.

Na huɗu da maganaɗisu ake yi, ko da na tsohuwar lasifika ne. A naɗe shi cikin ƙyalle don kada ya karce mota, a riƙa bin jikin da shi. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe na kusa. Inda ya saki, akwai mastik mai kauri da aka cike lotsawa da shi. Sai dai a sani bamba ta roba ce, wasu motocin kuma murfin injinsu na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama waɗannan ko da lafiyarsu lau.

Wanki ne farko, gurza daga baya

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Mota na shigowa, sai a miƙa wa yaro takardar gurza, wato sanfefa, ya hau aiki. Gurza ba ta cire maiƙo, tura shi take yi cikin ƙananan karce-karcen da ta yi, inda ba zai ƙara fita cikin sauƙi ba. Ga yadda ya kamata aikin ya jeru.

A fara da cire leda da takardun da aka liƙa. Zafi ne ke sassauta gam ɗinsu, kuma wannan Allah Ya hore mana: a ajiye mota a rana na ɗan lokaci, ko a zuba ruwan zafi, sannan a kama gefe a riƙa ja a hankali ana kwantar da ledar, ba a fizga ba. Tsohuwar leda da rana ta gasa takan kakkarye, sai an yi haƙuri da abin kankara na roba. Reza da wuƙa suna yanka har rigar masana'anta. Ragowar gam kuma a goge shi tas, domin shi ma yana hana fenti kamawa.

Sai wanki da ruwa da sabulun gari ko na wanke kwanoni, har cikin bakin ƙofofi, da gindin madubi, da gefen robobin gilas, domin nan kaki ke taruwa. In ta bushe, a bi ta da ruwan cire maiƙo, wanda a jikin gwangwaninsa ake rubuta "dégraissant" ko "anti-silicone". Da tsumma biyu ake wannan aiki: ɗaya jiƙaƙƙe yana narkar da maiƙon, ɗaya busasshe yana biye da shi yana kwashewa kafin ruwan ya bushe. In aka bar shi ya bushe da kansa, maiƙon ya koma inda yake. A riƙa sauya tsumma, kuma kada a ɗauko wanda ya taɓa goge inji. Esans da kananzir da gazuwal ba sa maye gurbin wannan ruwa, su kansu suna barin maiƙo.

Seramik shi ba ya jin sabulu, ba ya jin ruwan cire maiƙo. Sai an goge shi da injin gogewa da man gurza, ko a bi shi da sanfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu. Duk ɓangaren da za a fesa sai an bi shi gaba ɗaya har gefuna, domin inda aka tsallake nan barni zai fara tashi.

Sai bayan wannan duka ake fara gurza ta sosai. Lambar da ke bayan sanfefa tana nuna kaushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. Ana amfani da 80 wajen kai wa ga ƙarfe da sassaƙa mastik, 180 zuwa 320 wajen share karcen da 80 ta bari, 400 zuwa 600 a kan shimfiɗa kafin launi, 800 kuma wajen kashe ƙyallin fenti mai lafiya. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa fenti, bayan makonni layukan gurzar za su fito a fili.

Har ina za a kankare?

Wasu masu mota suna ganin aiki mai kyau shi ne a kankare mota har ƙarfe ya fito fari. Ba kullum ba. In fentin masana'anta ne, bai tsage ba, bai ɓare ba, babu tsatsa, to babu shimfiɗar da ta fi shi. A wanke, a cire maiƙo, a kashe ƙyallin, a fesa a kai. In barni ne kawai rana ta ƙona, kamar yadda muke gani a rufi da murfin inji sun yi fari-fari, sai a gurje barnin da launin da suka mutu, a tsaya a kan shimfiɗar masana'anta.

Ana kai wa ga ƙarfe ne a wuri huɗu: inda tsatsa ta ci, inda za a yi walda ko bugu, inda tsohon mastik ya tsage, da inda aka yi wa mota fenti sau biyu ko uku har ya yi kauri yana tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Ko a nan ma, wurin da ya lalace ake bi, a kwantar da gefunansa su saje da mai lafiya.

Hanyoyin kai wa ga ƙarfe uku ne, kowace da haɗarinta. Gurza ita ce ta fi aminci, amma injin gurza mai dutse irin na masu walda yana cin ƙarfen da dama siriri ne, yana kuma zafafa shi har ya lanƙwashe. Hanya ta biyu maganin cire fenti ne, wanda ake rubuta wa "décapant". Yana da sauri, sai dai yana cinye duk rigunan har da ta masana'anta, yana lalata roba, kuma in ya maƙale a bakin ƙofa zai fito daga baya ya ɓata sabon fenti. Ba a sa shi a bamba. Hanya ta uku ita ce ƙona fenti da wutar walda, kuma wannan muna roƙon masu gyaran jikin mota, toliye ko fanel bita, su bar ta. Wuta na ƙona tutiya, tana lanƙwasa ƙarfe, tana narkar da kakin da masana'anta ta zuba a cikin ƙofofi don hana tsatsa daga ciki, ga hayaƙi mai guba.

Wancan kakin na cikin ƙofofi, da baƙin shafin da ke ƙarƙashin mota, suna cikin abin da ake bari. Ana share su ne kawai a daidai inda za a yi walda, a mayar da wani in an gama. A duba ƙarƙashin motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi da kyau, domin can ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, kuma gishiri na cin ƙarfe.

Ƙarfe tsirara ba ya kwana

Da zarar ƙarfe ya fito, tsatsa ta fara aiki, ko ido bai gani ba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, raɓar dare ɗaya ta isa. Ko tafin hannu mai gumi yana barin tabo. Don haka wurin da aka kankare a rufe shi a ranar da shimfiɗar hana tsatsa. Gara a ɗauki ƙofa ɗaya a gama da ita, da a tuɓe mota gaba ɗaya a bar ta mako guda a fili ana jiran cikon kuɗi.

Mastik kuma don share ƴan ƙananan lotsawa aka yi shi, bayan an bugo ƙarfe ya dawo kusa da yadda yake. In ya wuce ƴan milimita kaɗan, girgizar hanyar ƙauye da zafin rana za su tsaga shi. Ba a ɗora shi a kan tsatsa ko a kan fenti mai ƙyalli, ba a kuma gurza shi da ruwa, domin yana shan ruwa ya riƙe, daga baya ya tayar da bororo.

Lokaci ma yana da nasa. A watannin Afirilu da Mayu zafin Maraɗi na haura 40, ƙarfen motar da ke rana kuma ya fi haka nesa, ruwan cire maiƙo da fenti suna bushewa kafin su yi aikinsu. Da hunturu kuma ƙura ce. Mafita ita ce inuwa, da sassafe, a yayyafa wa ƙasa ruwa. A kuma riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa, domin ruwa da mai da ke biyo iska suna ɓata aikin da aka sha wahalar shiryawa. Mai wankin mota da ke fesa man taya a kusa shi ma ya matsa, iska na ɗauko silikon.

Lafiyar yaran garaji

Mu faɗi gaskiya, wanda ke gurza ba maigidan ba ne, yaro ne ɗan koyo, sau da yawa daga ƙauye aka kawo shi amana. Shi ke shaƙar ƙurar daga safe zuwa yamma.

Tsofaffin fentin mota da na manyan motoci, musamman rawaya, ja da ruwan goro, da yawansu an haɗa su da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar fenti ba ta kai waccan yawa ba, amma hanyar ɗaya ce: daga wurin aiki zuwa tufafi, daga tufafi zuwa ɗaki, daga nan zuwa bakin jariri. Kayan aiki su tsaya a garaji, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci abinci, kada a bar masu tallar abinci su ajiye kwano inda ake gurza. Gurza da ruwa a kan tsohon fenti tana rage ƙura sosai.

Maganin cire fenti kuma a karanta jikin gwangwani. In an ga "dichlorométhane" ko "chlorure de méthylène", wannan sinadari ne da ke juyewa a jiki ya zama irin gubar hayaƙin gawayi, ya sha kashe mutane a rufaffen ɗaki. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana shi a magungunan cire fenti tun 2009, Amurka kuma ta hana sayar da shi ga jama'a a 2019. In ya zama dole, a yi aikin a fili, da safar hannu mai kauri da tabarau.

Sinadarin da ake haɗa wa fentin zamani da barni don su yi tauri yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma. Ƙyalle ko rawani a hanci ba sa tare shi, takunkumin takarda ma ƙura kawai yake ragewa. Mai fesawa na bukatar takunkumin da aka yi don fenti, a riƙa sauya matatarsa, sauran mutane kuma su ba da wuri. Ita kuwa madarar da ake sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba ta wanke huhu. Yaron da ya fara tari da dare ko numfashinsa na fito, a kai shi likita, kada a jira.

Ruwan wanki da dagwalon fenti kada a zuba su a kwata. Abin da ya bi lambatun gari da damina Gulbi yake nufa, kuma a wannan kwari ne ake noman rani da lambunan da muke cin zogale da tumatir da salak daga cikinsu, daga Jiratawa har Tibiri. A tara dagwalon a gwangwani mai murfi, kada a ƙona shi a tsakar unguwa.

Ga mai mota, da mai aiko kuɗi

Araha ba ta ado. Mai fentin da ya ce kwana biyu zai gama mota gaba ɗaya, a kan shirin jiki zai rage, domin fesawa kanta sa'o'i kaɗan ce, shiri ne ke cin kwanaki. Su ma masu sana'ar suna da nasu kukan: mai mota ya matsa a gama kafin Salla, ya kuma ƙi biyan kuɗin ruwan cire maiƙo da shimfiɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a yi ciniki, a zagaya motar tare da mai fenti, a yi gwaje-gwajen nan huɗu a gabansa. A faɗa masa gaskiyar abin da aka saba shafa mata, in gazuwal ne a ce gazuwal ne. A tambaye shi ina zai kai ga ƙarfe, ina zai tsaya, da dalili. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a ga gwangwanayen da ido. In kuɗi bai kai na mota duka ba, a gyara rufi da wuraren tsatsa da kyau, sauran su jira.

Ku kuma ƴan uwa na ƙetare, hoton mota tana ƙyalli ba ya nuna komai, kowace mota tana kyau ranar da ta fito. Ku nemi hotuna uku kafin wannan: ɗaya bayan wanki da cire leda, ɗaya bayan gurza inda ake ganin wuraren da aka kai ga ƙarfe, ɗaya bayan an fesa shimfiɗa. Ku biya kuɗin kashi-kashi bisa waɗannan matakai. Wannan ba rashin yarda ba ne, yana kare zumunci, yana kuma kare mai fenti na kirki daga zargin da ba nasa ba. In kuwa mota ce kuka turo, ku sanar da na gida ko an taɓa sa mata seramik ko leda.

In mota ta fito, a bar sabon fenti ya sha iska wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa masa kaki ko man gogewa. Ruwa da sabulu mai laushi sun isa. Kada a share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, yashi ne, yana karce barni. A kiyaye man birki, yana cin fenti. A nemi inuwa in da hali.

Masu fenti da toliye na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani daga abin da hannunsa ya saba, ya zo mu ji, jama'a su ƙaru. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare mana yaranmu, Ya kai matafiya gida lafiya.